Gwaggo a Takardar Siminti

Zanen da mai gidana ya fara ɗaurawa a gaban jama'a nawa ne. Atamfa ce mai ruwan bula, cikin kayan aurena ta zo, kuma ni da hannuna na koya masa yadda ake soke bakinta a ƙugu don kada ta kwance. Ina faɗin wannan tun da farko saboda mutanen unguwarmu a Birnin Konni sun iya mantuwa in dai mantuwar za ta amfane su. Ni ban manta komai ba, kuma abin da na yafe bai taka kara ya karya ba.

Lokacin ina sabuwar malama a lakwal, wato makarantar boko, kowa Madam yake ce mini, har shi. Shi kuma tela ne, kekensa na bakin hanyar kasuwa. Allah ya ba shi murya. In ya kira mutum daga shagonsa sai na bayan tasha ya waiwayo. Samarin unguwa suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, teyatur muke cewa, suna yi a filin lakwal ɗinmu bayan la'asar. Matsalarsu ɗaya ce: babu gidan da zai ba da 'yarsa ta hau dandali. Kowane uba yana son ya zo ya sha dariya, amma da 'yar wani. Wasa kuwa ba ya tafiya babu mace. Da aka tambayi wanda zai ɗaura zane, kowa ya sunkuyar da kai, shi ya ce a kawo.

Haka aka haifi Gwaggo. Tsohuwa ce mai baki, wadda ta fi likita sanin magani, ta fi malam sanin karatu, kuma ba ta taɓa yin kuskure ba tun da aka haife ta. Ranar da na fara kallonsa na ga ya dafa ƙugu da hannun hagu, ya karkatar da kai, ya ja tsaki mai tsawo kafin ya yi magana. Matan da ke kusa da ni suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ni ce. Tsayuwata ce, hararata ce, har yadda nake tura kallabi gaban goshi in raina ya ɓaci. Na koma gida na ƙi ba shi tuwo.

"Madam, ba ke ba ta," ya ce yana danne dariya. "Gwaggo ai takan gaji ta yi shiru."

Na jefe shi da mafici, sannan na zuba masa tuwon.

A shekarun nan aka kawo wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Japan asibitin garinmu. Mutane 'yar Sin suke ce mata, ta gyara ta gyara har ta haƙura. Tana zuwa lakwal tana koya wa yara wanke hannu, nan muka saba. Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe amma tana isa inda za ta. Ita ce ta roƙi samarin su shirya wasa a kan allurar rigakafi, wanda Gwaggo za ta ɓoye jikanta a rumbu don kada a yi masa. Shi kuma wani saurayi mai sayar da albasa ya fito a jandarma, wato jami'in tsaro, mai neman yaron. Ku riƙe wannan mai albasar, zai dawo.

Wata rana na je ɗakinta na ga kalanda rataye a bango, shekararta ma ta wuce. Hotunan ciki ba na kyamara ba ne. Mutane ne masu fararen fuskoki kamar an shafa musu garin gero, wani ya murtuke ya karkace baki, wani ya ware yatsu goma, idanunsa sun haɗu wajen hanci. Cikinsu akwai wata mace doguwa mai ƙaramin baki, ta sunkuyar da wuya, rigarta na jan ƙasa. Na ce wannan kam kyakkyawa ce. Ta yi dariya ta ce namiji ne. A ƙasarsu, in ji ta, akwai wani tsohon wasa da ake kira kabuki, maza ne suke fitowa a mata, kuma wanda ya ƙware ana girmama shi. Tun zamanin kakannin kakanninta masu zane suke zana ɗan wasa cikin kayan wasansa, a sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa launi, a danna takarda, mutane su saya su kai gida. Ta ce duk ranar da ta ga Gwaggo sai ta tuna da gida.

Ni na ɗauki maganar na kai wa mai gidana, ina alfahari. Shi kuma ya kai wa abokinsa, wani masassaƙi da ke bayan kasuwa yana yin alluna da muciya da ludayi. Mutumin nan ya zo ya tsaya gaban kalandar ya ƙare mata kallo. Daga ƙarshe ya ce shi ma zai iya.

Itacen aduwa ya samo, irin wanda yake yin allon karatu da shi, ya goge shi sumul. Ya sa mai gidana ya ɗaura zane ya tsaya a tsakar gidanmu, ya zana shi da gawayi. Da ya zo wajen baki ya kasa, ya goge ya sake, ya goge ya sake. Sai ya ce wa mai gidana ya faɗi wani abin da zai ba ni haushi. Mai gidana ya ce miyata ta jiya ba ta ji daddawa ba. Na taɓe baki, masassaƙin ya ce in tsaya haka. Saboda haka bakin da ke jikin hoton nan nawa ne, ba aro ba.

Masassaƙin ya yi kwanaki yana ƙwaƙule duk inda ba zane da 'yar wuƙarsa, har layukan suka tsaya su kaɗai. Tawada ta baƙin tukunya da ƙaro ya dama, irin ta makarantar allo. Kallabin kuma ya yi masa wani ɗan katako dabam, ya jiƙa karan dafi ya fitar da ja. Takarda ce ba mu da ita, sai direbobin da ke ɗauko siminti daga Malbaza suka riƙa ajiye mana buhunan da aka zazzage. Mukan ɓare takardar waje mu ɗauki ta tsakiya mai tsabta, a shimfiɗa a kan allon, a murza da bayan ludayi. Ranar da aka ɗaga ta farko, Gwaggo ta fito tsaf, hannu a ƙugu, jan kallabi a goshi, ido ɗaya ya fi ɗaya girma don harara. 'Yar Japan ɗin ta riƙe takardar da hannu biyu, ta sunkuya wa masassaƙin. Shi da bai saba a sunkuya masa ba ya rasa inda zai sa kansa.

An liƙa hotunan a kasuwar Tsarnawa da ta Illela, har Bazaga an kai a amalanken jaki, don mutane su san wasa na zuwa. Ba sa kwana a bango. Kafin a waiwaya an ɓamɓare an kai gida. Na shiga ɗakunan mata da yawa na ga Gwaggo a saman jeren kwanoni. Mata suka riƙa kawo yara allura suna cewa kada su zama Gwaggo. Wasu daga cikin yaran nan yau su ne masu gemu a sahun gaba.

Mai albasa ma ya so a sassaƙa shi cikin kayan jandarma. Masassaƙin ya dube shi ya ce fuskarsa ba ta da abin da wuƙa za ta kama. An yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

'Yar Japan ta gama wa'adinta ta tafi, ta bar mini shafin kalandar mai doguwar macen nan. Ƙungiyar ta watse kamar yadda ƙungiyoyin samari suke watsewa, wannan ya yi aure, wancan ya tafi Legas. Talabijin ta zo, daga baya waya. Masassaƙin ya rasu. Mai gidana ya ninke mini zanena ya mayar, bai ƙara ɗaurawa ba. Sunan ne ya ƙi tafiya. In baƙo ya tambayi gidanmu, gidan Gwaggo ake ce masa. 'Ya'yanmu sun sha dambe a lakwal a kan wannan suna. Shi yakan yi murmushi in an kira shi da shi, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san murmushin ya fara nauyi tun da furfura ta fito masa.

Masallacin unguwarmu yana da tsohon ladan wanda ƙirji ya fara ba shi wahala. Wata azahar ya kasa ƙarasa kiran salla, mai gidana da ke kusa ya karɓa. Daga ranar ya zama shi ne mai riƙe masa. Shekara da shekaru yana barin keke da ɗinki a tsakiya ya tafi. Shi ke shara, shi ke kaɗe tabarmi, shi ke cika butoci, shi ke hawa ya gyara lasifika in iska ta juya ta. Ba albashi a ciki, ko goro ba a ba shi. Har mutanen wata unguwa sukan ce da kiransa suke gane lokaci, don ba ya gaba ba ya baya.

Sau ɗaya ya taɓa gaya mini abin da yake so. Muna zaune da hantsi yana datse zare a bakin wata riga.

"Madam, in Allah ya sa anka ba ni ladancin ga, ko bayan raina a ce gidan ladan. Yaran ga su huta."

Ni dai ban ga abin da zai hana ba. Wa ke gare su in ba shi ba?

Da tsohon ladan ya rasu, dattawan masallaci suka taru a zauren liman bayan la'asar don su tsayar da magaji. Mai albasa yana cikinsu. Yanzu ya zama alhaji, manyan motoci ke ɗaukar albasarsa zuwa kudu, shi ya sa wa masallacin tayil, kuma yana da ɗan ƙane da ya dawo daga karatu bai sami abin yi ba. Ba na wurin, mata ba sa zuwa. Matar liman ce ta ba ni labari, ita kuwa tana bayan labule tana jin komai.

Ta ce an fara magana lafiya lau, har liman ya ambaci mai gidana. Sai alhajin ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda a ninke, ya warware ta a hankali a kan tabarma. Takardar siminti ce, ta yi laushi don tsufa, amma jan kallabin yana nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Dariya suka yi. Dukansu. Wani ya kwaikwayi tsakin Gwaggo, wani ya tuno yadda ta cusa jikanta a rumbu ƙafafunsa na waje. Liman da kansa sai da ya share hawaye da bakin rawani. Da suka gama dariyarsu tas, suka gyara zama, alhajin ya ce shi ba don komai ba, amma ya dace mutumin da ya yi shigar mata, har aka buga shi a takarda, ya zama shi ne muryar masallaci? Yaran yanzu sun yi karatu, za su yi magana. Wani ya ƙara da cewa har a itacen allo aka sassaƙa abin. Mai gidana yana zaune a wurin, gemunsa fari fat, ana miƙa hotonsa hannu zuwa hannu. Ba wanda ya tuna cewa muryar da suke tsoron ta ɓata masallaci ita ta tara su sallar la'asar ɗin da suka idar yanzu. Aka ba ɗan ƙanen alhaji.

Mai gidana ya dawo gida bai ce mini komai ba sai "an ba yaron." Ya zauna a keke ya ci gaba da ɗinki.

Washegari na yafa mayafi na tafi rumfar albasa. Na tarar da alhajin a kan kujera ana ɗura masa buhuna. Na gaishe shi yadda ya kamata, don kada a ce Madam ba ta da tarbiyya.

"Alhaji, ina kwana. Na zaka in ga takardar da kunka yi shari'a da ita."

"Haba Madam, wace shari'a? Shawara ta dai anka yi."

"Kai ba ka cikin wasan? Ba kai na jandarma ba?"

"Ni wando na sanya, Madam."

"Zanen nawa na. Mi ag gare shi na ƙazanta? Wadda ta haihe ka mi taka ɗaurawa?"

Masu ɗura albasa suka tsaya cak. Alhajin ya yi salati, ya ce in ji tsoron Allah, zamani ne ya canza ba shi ba. Sannan ya rage murya ya faɗi abin da har yau ban manta ba.

"Wallahi don so na aje ta. Duk randa raina ya ɓaci ita nika ɗaukowa in yi dariya."

Na yarda da shi, abin haushin ke nan. Shekaru yana ajiye da mijina a akwati yana warkar da ɓacin ransa da shi, ranar da ya buƙaci wuƙa kuma ya tarar takardar tana da kaifi. Na dafa ƙugu zan ba shi amsa, sai na ga yaran rumfar suna zunguri juna suna danne dariya. Tsayuwar Gwaggo suka gani. Na sauke hannuna na juyo gida.

A hanya na riƙa tunanin shafin kalandar da ke cikin akwatina. Can wani namiji ya sa kayan mata, an sassaƙa shi a katako, ya mutu tun tuni, kuma har yau ana buga shi a kalanda ana ratayewa. Ban san ƙasarsu ba, wataƙila su ma suna da nasu alhazan albasar. Abin da na sani shi ne mu a nan mun karɓi dabarar, mun sha daɗinta, mun bar mutum ɗaya ya biya. Kuma da aka tashi faɗin abin kunyar da ya yi, ba a ce ya yi sata ko ya ci amana ba. An ce ya yi kama da mace. Macen kuwa ni ce.

Kwana biyu bayan haka sabon ladan ya fara. Da rana ta take tsaka na ga mai gidana ya tsayar da keke kamar yadda ya saba, ba tare da ya dubi agogo ba. Ya ɗauki buta ya yi alwala, ya sa hula, ya nufi ƙofa da saurinsa na kullum. Yana isa zaure lasifika ta yi ƙara, muryar yaron ta fito, siririya, tana rawa. Ya tsaya da hannu a jikin ƙyaure. Ina kallon bayansa daga madafa. Ya tsaya nan yana amsa kiran a hankali, kalma bayan kalma, har aka gama. Sannan ya fita, tafiyar wanda ba a jiransa.

Da ya dawo ya same ni ina shirin ɗora tukunya.

"Madam, ina allon nan?"

Na san wanda yake nufi. Yana bayan randa tun rasuwar masassaƙin, na naɗe shi da tsumma. Na so in ce ya ɓace. Na ɗauko na ba shi. Ya kwance tsumman, ya bi layukan da babban yatsa, tawadar ta bushe a cikin ramukan. Ya daɗe a wajen bakin.

"Ya gwanance wurin ga," ya ce. "Bakinki na sak."

Ya jingina shi da turmi ya ɗauko gatari. Aduwa tana da tauri, sai da ya sara ya sake sarawa. Ya tattaro gutsattsarin ya ajiye mini a gefen murhu, yadda yake ajiye mini kowane itace. Na tura su ƙarƙashin tukunya na hura. Da su na tuƙa tuwon ranar, ya ci, ya ce an gode.

Ya ƙara wasu shekaru yana salla a masallacin nan, a sahun baya kusa da takalma. Bai daina cika butoci ba, ni kuwa ban daina yi masa faɗa a kan haka ba. Ko a gida bai ƙara ɗaga murya ba. In zai kira jikansa sai ya tashi ya je inda yake.

Da ya rasu mutane sun zo da yawa, har daga Illela da Tsarnawa, tsofaffin da suka taɓa kallonsa a fili. Alhajin albasa ya aiko da buhun shinkafa, na sa aka ba maƙwabta. Ina zaune a ɗaki cikin takaba, tagar tana kallon titi, ina jin baƙi suna tsayawa suna tambayar yaran unguwa inda ake zaman makoki. Na kasa kunne ko wani zai ce gidan tela. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ake ba shi.

"Ku miƙe, ga shi can. Gidan Gwaggo."